Ranar da Baffa Hashimu Ya Bar Gahawa Ta Huce

Duk wanda ya zauna a unguwar Zahir ta Makka ya san gidan Baffa Hashimu, ko da bai san mai gidan ba. Shi ne gidan nan mai koriyar ƙofa a bayan kasuwar kayan miya, wanda ba a ganin ƙofarsa a rufe sai in an tafi jana'iza. A Makka aka haife shi, a Makka aka haifi ubansa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya biyo ta Sudan, ya sauke farali, ya dubi Ka'aba ya ce shi kam ya iso gida. Hausar Baffa rabinta Larabci ne, amma in ransa ya ɓaci sai ta koma Katsinanci zalla, jikokinsa su yi tsaye suna kallon bakinsa.

Direba ne tun yana saurayi. Ya daɗe yana jan manyan motocin alhazai tsakanin Arfa da Muzdalifa, inda mai tafiya a ƙasa ke wuce mai mota yana ɗaga masa hannu. Da gwiwa ta fara ƙara, ga ciwon suga ya sallamo, sai ya koma jan wata ƙaramar bas ta kamfani, yana kwasar ɗalibai baƙi daga masaukinsu zuwa jami'a da safe, ya mayar da su bayan azahar. Shi kansa karatunsa bai wuce ƙaramar sakandare ba, kuma ba ya ɓoyewa. Yakan ce duk da haka babu daktan da ya kai shi yawan zuwa jami'a, tunda shi ko malamai sun yi fashi ba ya yi.

In ana neman aibin Baffa, to baƙo ne. Ba ya iya ganin baƙo ya ƙyale. Matarsa, Inna Sa'adiya, ta daɗe da daina tambayar mutum nawa za su ci abinci, tukunya kawai take cikawa ta bar wa Allah. Takan ce wa maƙwabta, "Mutumin nan ko kyanwa ya gani da alamar ba 'yar unguwa ba ce, sai ya ce mata bismillah, shigo daga ciki."

A cikin bas ɗin nan ya haɗu da Kamilo. Ɗan ƙasar Kolambiya ne, can Amurka ta Kudu, daga wani birni da ake kira Kali. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ya doshi talatin, hannayensa duk tabon gyaran babur. A ƙasarsu ya musulunta, ya nemi gurbin karatu kyauta aka ba shi: zai fara da koyon Larabci, in ya haye ya shiga kwaleji. A duk danginsu babu namijin da ya taɓa taka jami'a. Maza a gidansu da gemu ya fito sai neman abinci, har yayansa yana yi masa dariya, wai ƙato da shi ya koma zaman aji kamar yaro. Uwarsa kaɗai ce ta ce ya tafi. Ita ba musulma ba ce, wainar masara take soyawa a bakin titi, ba ta ma san ta wane gefen duniya Makka take ba. Cewa ta yi tunda karatu ne, ya je ya dawo mata da takarda.

Sauran ɗalibai kowa da 'yan ƙasarsu. 'Yan Indunusiya suna gefe guda suna ƙus-ƙus, 'yan Najeriya sun cika bayan mota da musu. Kamilo ba shi da mai jin yarensa ko ɗaya, sai ya riƙa zama gaba kusa da direba, yana yi masa Larabcin littafi, irin wanda in ka yi shi a kasuwar Zahir mai tumatir zai jira ka gama ya ce sadaƙallahul azim.

Wata safiya Baffa ya tambaye shi me yake ci a masauki. Ya ce burodi da kifin gwangwani. Da rana fa? Burodi da kifin gwangwani. Baffa bai bari aka kai ga na dare ba, ya daki sitiyari ya ce, "La haula! A Makka? Ina raye?" Ranar Juma'a daga masallaci gida ya wuce da shi.

Aka yi dace ranar tuwon masara Inna Sa'adiya ta tuƙa. Kamilo ya kai loma ɗaya baki sai ya tsaya, idonsa ya kawo ruwa. Baffa ya zaci yaji ne, har ya miƙa masa ruwa. Ya girgiza kai, ya kira shi da kalmar Larabci mai nufin baffana, ya ce, "Masara ce, ammi. Ƙamshin hannun uwata ke nan." Inna tana bayan labule ta ji. Daga ranar ya zama ɗan gida, ita ce ma ta gyara masa suna ya koma Kamilu, sunan kuwa ya bi shi.

Da a nan aka tsaya, da an zauna lafiya. Amma ina! Baffa mutum ne da in ya tsinci abin kirki sai duniya ta gani. Ya ɗauki Kamilu ya kai shi majalisar amininsa Zali a unguwar Ka'akiyya. Shi Zali tare suka tashi da Baffa, tare suka sayar wa alhazai ruwan sanyi suna yara, tare suka koyi tuƙi a motar mutum ɗaya. Yanzu yana da shagon kayan gini, hannunsa a sake yake, kuma yana son in ya yi abu a ce ya yi.

A majalisar wani tsoho ya tambayi Kamilu yadda aka yi ya musulunta. Ya ba da labarin wani ɗan kasuwa da ke kawo masa gyaran babur, wanda kullum in lokaci ya yi sai ya shimfiɗa kwali a kusurwar gareji ya kai goshinsa ƙasa, da yadda shi kuma ya fara leƙen mutumin har abin ya shiga ransa. Labarin bai da tsawo, amma da Larabcin nan nasa mai tuntuɓe ya ba da shi. Kafin ya gama tsofaffi na share hawaye da gefen rawani. Mutanen da suka buɗe ido suka ga Harami a bakin ƙofarsu, yau ga wanda ya taso daga ƙarshen duniya yana neman abin da su suka saba da shi kamar ruwan sha.

Shi ke nan, aka buɗe ƙofar azuma, wato gayyatar cin abinci irin ta Makka. Yau gidan wane, gobe suna, jibi wani ya dawo daga asibiti, gata kuma babu dalili, kawai ana son albarkar baƙo. Kowa so yake a ce ɗan Kolambiya ya ci a sufrarsa, wato shimfiɗar abincinsa, ya ba da labarin a gaban surukansa. Wanda ya san azumar Makka kuwa ya san da baki kawai ake cewa bayan isha, amma shinkafa ba ta sauka sai dare ya raba, a bi da shayi, a bi da hira. Shi kuma Kamilu an koya masa a aji cewa amsa gayyata haƙƙin musulmi ne a kan ɗan'uwansa, ga shi a gidansu ma ƙin abincin babba rashin kunya ne. Bai taɓa ce wa kowa a'a ba. Baffa da kansa yake kai shi wasu wuraren, yana tafe yana buɗa hanci.

Kumatun Kamilu suka fito, unguwa ta ce ma sha Allah, Makka ta karɓe shi. Ya fara barci a bas, baki buɗe, Baffa ya ce gajiyar karatu ce. Ya fara makara, wata rana ma bas ta tafi babu shi, Baffa ya ce ai ɗan'adam ne. Haka aka cinye zango guda aka shiga na biyu, babu wanda ya kawo komai a ransa.

Rannan bayan azahar Baffa yana goge gilashin mota a harabar jami'a, sai wani malami siriri mai tabarau ya nufo shi. Ya ce sunansa Ustaz Bandar, shi ke koyar da nahawu, ya ce, "Kai ne ammin da Kamilo ke yawan faɗa?"

Baffa ya washe baki ya ce shi ne.

Ustaz bai yi dariya ba. Ya ce, "To ya kamata ka sani. Zangon da ya wuce an hana shi zama jarrabawar wasu darussa saboda yawan fashi. Yanzu yana kan gargaɗin ƙarshe. In ya faɗi nahawu a wannan zango za a yanke masa tallafi, iƙamarsa ta zaman ƙasa ta mutu, ya hau jirgi ya koma. Wallahi yaron yana da kai, amma kullum idonsa ja. Irinsu da suka zo daga can nesa haka muke rasa su. Ba daƙiƙanci ba ne, ba su da mai tsaya musu, kuma ba sa buɗe baki su ce abu ya sha kansu. Ko wani aiki yake yi da dare?"

Baffa ya daina goge motar. Ya riƙe tsumman goge gilashi kamar bai san me ake yi da shi ba, can ya ce, "Ba aiki yake yi ba, ya ustaz. Shinkafa yake ci."

Da aka sauke sauran ɗalibai ya tsare Kamilu a mota ya tambaye shi don me bai faɗa ba. Kamilu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ammi, mutanen da suka yi kuka saboda ni, da wane baki zan ce musu ba zan zo ba? Kuma a gidanmu namiji ba ya cewa abu ya fi ƙarfinsa. Na zaci zan iya haɗa duka."

A gida kuwa Inna Sa'adiya ba ta rage masa komai ba, ta wanke shi tas. Ta ce, "Kun mai da ɗan mutane rediyo, kowa ya ga dama ya kunna. Uwarsa tana can a bakin kasko tana jiran takarda, ku kuna nan kuna ɗura masa naman rago. In aka kore shi, labarin zai dafa mata ta ci? Kai ka kai shi, kai za ka fito da shi, ka san yadda za ka yi." Baffa ya san gaskiya ta faɗa, kunya ta kama shi har wuya.

Washegari bayan la'asar ya miƙe a ƙofar masallacin unguwa, ya gyara murya ya ce jama'a su shaida, daga yau Kamilu ɗansa ne. Duk mai gayyata ta hannunsa za ta bi, kuma amsar ita ce a'a har sai an gama jarrabawa. Aka yi ta dariya, an zaci wasa yake. Hashimu da hana baƙo cin abinci? Ai wannan sai a mafarki.

Ba wasa ba ne. Akwai wani ɗaki a saman gidansa inda ake tara tsofaffin katifu, ya sa aka kwashe su, aka gyara na'urar sanyaya ɗaki, aka sa tebur da kujera. Kullum in an sauke ɗalibai sai ya wuce da Kamilu gida, ya ci abincin rana, ya miƙa wa Inna wayarsa ta jefa a kwanon sha ta rufe, ya hau sama. Bayan isha Baffa ya mayar da shi masauki da kansa, ya tsaya har ya ga shigarsa. Ya kuma liƙe wa Ustaz Bandar, yau gaisuwa gobe roƙo, har ya yarda ya riƙa zama da Kamilu na ɗan lokaci bayan darasi. Bas tana jira, 'yan bayan mota suna gunaguni, Baffa ya yi kunnen uwar shegu da su. Shi dai a nahawu bai san mubtada ba bai san habar ba, abin da ya iya shi ne ya kafa kujerarsa a gindin matakala da butar shayi, duk wanda ya zo neman baƙo ya ce masa yana karatu.

Sai dai akwai matsala guda. Kamilu ya kasa natsuwa, yana ganin yana ɗaukar zunubin ƙin amsa gayyata. Baffa ya yi tunani ya ce to wannan mai sauƙi ne, shi zai wakilce shi. Kai jama'a! Mutum ya yanka rago, ya tara surukai, ya ce musu yau za su ga ɗan Kolambiya, sai a yi sallama a ga Hashimu, wanda suka gaji da gani tun suna yara, ya shigo da sandarsa ya ce ya zo a madadin ɗansa. Ya zauna ya ci, in an matsa ma ya ba da labarin musuluntar, ya ƙara gishiri, har ya sa wa ɗan kasuwan nan gemu da rawani. Wata rana gida biyu yake zuwa. Tsoho mai ciwon suga! Ƙafarsa ta kumbura, likita ya yi masa faɗa, Inna ta ce ita ba ta ce ya kashe kansa ba. Ya ce ai gara cikinsa da karatun yaro.

Unguwa ta ɗauki zance. Wasu suka sa wa ɗakin sama suna kurkukun Hashimu. Wasu suka ce ladan yake so ya cinye shi kaɗai, wasu suka ce wata jikarsa yake yi wa tanadi. Duk yana ji, kuma yana jin zafi, don mutum ne da duk rayuwarsa ba a taɓa haɗa sunansa da rowa ba. Amma gayyata ta fara raguwa, idon Kamilu ya washe, Ustaz Bandar ya fara ɗaga wa Baffa hannu daga nesa.

Ana cikin haka bikin Talal ya taso, babban ɗan Zali. 'Yar wasu manyan mutane daga Jidda zai aura, kuma Zali ya riga ya cika baki a gabansu tun watannin baya cewa a wurin walima akwai wani bawan Allah daga Amurka ta Kudu da zai yi magana, su dai su zo da abin share hawaye. Ɗakin taron da aka samu ya faɗo ranar Asabar da dare. Jarrabawar nahawu kuwa Lahadi da sassafe.

Zali bai aiko ba, da kansa ya zo, ana saura 'yan kwanaki, bayan la'asar. Baffa ya tarbe shi da murna, ya shigar da shi falo, ya ɗauko butar gahawa ya zuba a finjali ya miƙa masa da hannun dama. Zali ya karɓa, bai kai baki ba, ya ajiye a ƙasa a gabansa.

Baffa ya zuba wa finjalin ido. Al'ada ce da mutanenmu na Makka suka tsinta a wurin Larabawa, kuma ba a wasa da ita. In baƙo ya ajiye gahawarka bai sha ba, to da buƙata ya zo, kuma ba zai sha ba sai ka biya masa. Mai gida na kirki ba ya ma tsayawa jin mece ce, cewa yake sha gahawarka, an ba ka. Barin finjalin nan ya huce a ƙasa abin kunya ne da ake yi wa gida gori da shi har jikoki.

Zali ya ce, "Abu Rakan, ka san abin da ya kawo ni." Haka yake kiransa a gaban mutane, da sunan babban ɗansa.

Baffa ya ce, "Abu Talal, ka roƙi motata, ka roƙi gidan nan. Ni da 'ya'yana za mu zo mu yi maka hidima tun daga shimfiɗa har wanke-wanke."

"Ina da masu wanke-wanke. Yaron nake so. Sa'a ɗaya tak, ya yi magana, direbana ya mayar da shi."

"Yaushe ka taɓa ganin sa'a ɗaya a bikin Makka? Kafin a gama gaisawa da ango an yi rabin dare. Da safe zai zauna jarrabawar da in ya faɗi an kore shi daga ƙasar nan."

"In Allah ya rubuta zai ci, zai ci."

"Haka ne. Shi ya sa zai kwanta da wuri."

Zali ya dubi finjalin, tururinsa ya fara raguwa. Ya sauke murya ya ce, "Hashimu, ni ne fa. Na yi wa mutane alkawari. Kana so a ce Zali maƙaryaci ne ranar auren ɗansa? A falona ka fara kawo yaron nan, ni na fara karrama shi. Tun muna yara ban taɓa roƙonka komai ba sai yau."

Wannan gaskiya ne, kuma ita ta fi yi wa Baffa ciwo. Bakinsa har ya buɗe zai faɗi abin da ya saba faɗa duk rayuwarsa, sai ya ji motsi a matakala. Kamilu ne ya sauko, alƙalami a hannu, ya ji komai. Ya gaida Zali da ladabi, ya juya ya ce, "Ammi, ka bar ni in je. Ba zan zama sanadin ɓatawarku ba. Na yi karatu, zan iya."

Baffa ya ce, "Koma sama."

Fuskar Kamilu ta yi ja. Ya ce, "Ni ba yaro ba ne, ammi. Na kusa talatin. Tun ina ƙarami nake ci da kaina, ba a taɓa kulle ni a ɗaki ba."

Nan fa Katsinancin ya motsa, sai da Baffa ya tuna yaron ba ya ji, ya koma Larabci. Ya ce, "Ga ƙofa nan a buɗe, ya waladi, ɗana, ba a taɓa sa mata kwaɗo ba. Amma ka ji ni. Mutanen nan suna sonka, wallahi suna sonka, ni ma da son na kusa hallaka ka. Sai dai labarinka suke so, kuma labari yana tsufa. Baɗi wani zai zo daga wata ƙasar da nasa, a koma kansa. Kai kuma ka koma Kali da me? Da ƙiba? Yayanka ya ce ai dama ya faɗa? Akwai yara a ƙasarku da ke jiran su ga namiji ɗaya daga cikinsu ya fara abin nan ya gama. In ka je bikin nan ba zan yi fushi da kai ba, amma zan yi baƙin ciki har in mutu."

Kamilu ya daɗe a tsaye, yana duban wannan tsoho yana duban wancan. Daga nan ya matsa ya sumbaci kan Zali, ya ce ya yafe masa, ya juya ya hau sama.

Zali ya jira. Baffa ya zauna hannunsa a kan gwiwa, zufa tana keto masa duk da sanyin ɗakin, bai ce a sha ba. Da gahawar ta huce sarai, Zali ya miƙe ya gyara rawaninsa ya fita, ko sallama babu. Inna Sa'adiya ta shigo ta ɗauke finjalin.

Baffa ya je bikin duk da haka, da sabuwar riga. Zali ya gaisa da na daman Baffa, ya gaisa da na hagunsa, ya wuce shi.

Kamilu ya zauna jarrabawa da idonsa garau. Da sakamako ya fito, da ƙyar ya haye, maki mafi ƙanƙanta da ake cin jarrabawa da shi ya samu. Amma zo ka ga Baffa! Ya yi ta danna hon a harabar jami'a har mai gadi ya zo ya yi masa magana, ya tsaya a kasuwa yana faɗa wa masu kayan miya ɗansa ya ci nahawu, su da ba su tambaye shi ba. Inna ta rangaɗa guɗa daga kicin. Aka kira uwar Kamilu ta waya mai hoto, tana tsaye a bakin kaskonta, tana magana tana kuka, su Baffa suna amsawa da amin ba tare da sun ji ko kalma ɗaya ba.

Ya shiga kwaleji, ya yi shekarunsa. Duk lokacin jarrabawa kujera tana komawa gindin matakala, unguwa ma ta saba, har masu gayyata suka fara tambayar yaushe za a buɗe kurkuku kafin su sa rana. Da wasu ɗalibai masu yarensu suka fara zuwa, ɗaya daga Meziko, wasu daga Peru, Kamilu ne ke tarbarsu ya kawo su ɗakin sama, ya yi musu bayanin nahawu da harshensu, ya kuma gargaɗe su a kan shinkafar Makka. Ba duka aka samu ba. Ɗan Mezikon nan mahaifinsa ya kwanta ciwo, ya koma ya riƙe gida, Baffa ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki. Sauran dai suna nan suna fama.

Zali kuwa bai sake taka Zahir don Baffa ba. Baffa ya je Ka'akiyya da salla, aka ce yana barci. Ya aika dattawa, Zali ya ce musu shi ba ya faɗa da kowa. In sun haɗu a jana'iza sai ya amsa sallama ya kau da kai. Tsofaffi biyu da suka raba ƙwaryar ruwan sanyi suna yara, abin tausayi, wallahi.

Da Kamilu ya kammala, ya karɓi takardarsa, ana saura kwana kaɗan ya tafi gida inda wata makaranta ke jiransa ya koyar, sai ya shirya shi kaɗai ya tafi Ka'akiyya ba tare da ya gaya wa kowa ba. Zali ya tarbe shi hannu bibbiyu, ya rungume shi, ya sa aka yi masa girki na musamman, ya ba shi turare da alkyabba ya kai gida. Amma da ya kawo zancen Baffa, sai Zali ya ɗaga hannu ya ce, "Kai ɗana ne, ba ka yi mini komai ba. Wancan zancen kuma ka bar shi, ci abincinka."

Ya dawo Zahir da la'asar ya tarar da Baffa a ƙofar gida yana duba tayar mota. Ya faɗa masa inda ya je da abin da aka yi. Ya ce, "Na raba ka da amininka, ammi. Ni zan hau jirgi in tafi, kai a bar ka da wannan. Da ka san haka abin zai zama, ai da ka bar ni na je."

Baffa ya miƙe da ƙyar yana dafa mota, ya kakkaɓe hannunsa. Ya ce, "Wa ya ce maka ban sani ba? Zali fa, tun ba mu da takalma nake tare da shi. Tun kafin ya ajiye finjalin nan na san in na hana shi na rasa shi ke nan." Ya goge ido da bayan hannu, bai ɓoye ba. "Ina kewarsa kullum, ya waladi. Kuma ko gobe aka sake, haka zan yi. Shiga ciki, Innarka tana nemanka, wai akwatinka ba zai rufu ba sai an rage kaya."